Shekara biyu ina miƙa wa yarona ƙafa, amma diddigensa bai sauka ƙasa ba

Uwar Auta, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar jinya. Autana yana da shekara 5 da wata 4. Bakwaini ne, ya yi mako uku a kwalba bayan haihuwa, kuma sai da ya kusa shekara biyu bai iya tsayuwa ba sannan aka tabbatar mana cewa yana da larurar ƙwaƙwalwa mai ɗaure gaɓoɓi, wadda likitoci ke kira seribiral falsi. Hannuwansa lafiya suke, bakinsa kuwa ya fi na kowa a gidan, matsalar duk a ƙafafu take. Yana tafiya idan ya dafa bango ko benci, amma a kan yatsu yake takawa, gwiwoyinsa suna gugar juna.

Tun yana shekara uku aka koya mini yadda zan riƙa miƙa masa ƙafafu, kuma ban da ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗayanmu ban taɓa fashi ba. Bayan sallar asuba, kafin in fita da koko, nakan gasa masa ƙafafun da ruwan ɗumi, in shafa man kaɗe, in tura tafin ƙafar sama in ƙirga talatin, sau biyar kowace ƙafa, haka kuma bayan isha'i. Da na gama sai diddigen ya taɓa tabarma, in ji daɗi a raina, amma kafin ya shanye kokonsa ya koma ɗage. Silifansa ne suka sa na rubuto wannan tambaya, domin jiya na ɗauke su na duba, na ga gaban ya cinye har ya ɓule, wajen diddigen kuwa kamar yau aka sayo su daga kasuwar Kejetia.

Surukata ta dage cewa shan inna ne, kuma tausayi ne yake hana ni ja da ƙarfi, don haka tana so a kai shi wurin wani maɗori ya miƙe ƙafar a zama ɗaya. A ɗaya gefen kuma wata 'yar maƙwabtanmu da ke karatun jinya ta ce mini bincike ya nuna miƙar ba ta da amfani. Shin ɓata lokacina nake yi, ko kuwa ban iya ba ne? Idan na daina, ƙafar za ta ƙara lalacewa?

Ma'aikaciyar Fisiyo, Tafo

Wa alaikumus salam, Yaya. Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, wato masu gyaran motsin gaɓoɓi ta hanyar atisaye. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Auta lafiya, ya saka miki da alheri. Zan fara da batun maɗori domin shi ne na gaggawa: don Allah kada a kai shi. Ɗori aikin karaya ne da gocewar ƙashi, yaron nan kuwa bai karye ba. Yaran da ba su samu tsayuwa da guje-guje kamar tsaransu ba ƙashinsu ba ya yin ƙwari sosai, kuma inda ya fi saurin karyewa idan aka danne da ƙarfi shi ne ƙashin cinya dab da gwiwa. Ki kuma gaya wa Hajiya surukarki, cikin ladabi, cewa ƙafar shan inna saki take yi ta rame ta yi laƙwas, wannan kuwa ƙanƙamewa take yi, kuma asalinta rauni ne da ya samu ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya, wanda ba ya ƙaruwa, ba ya kuma yaɗuwa.

Abu biyu ne suke ɗaga diddigen yaro irin naki, kuma ana yawan haɗa su alhali maganinsu ya bambanta. Na farko ɗaurewar tsoka, wadda saƙon ƙwaƙwalwa ke haddasawa. Halinta shi ne tana mayar da martani ga sauri: idan aka fizgi ƙafar sai tsokar sharaɓa ta ƙanƙame nan take, idan aka bi ta a hankali sai ta saki, shi ya sa ƙarfi da gaggawa ba sa haifar da komai sai kuka da ƙarin tauri. Na biyu ƙagewa, wato tsokar ita kanta ta gajarce. Ƙashin yaro yana tsawo kowace shekara, tsokar da ba ta aiki yadda ya kamata kuwa ba ta iya bin sa, sai a wayi gari igiyar ta yi wa sandar kaɗan. Akwai gwajin da za ki iya yi da kanki. Idan barcinsa ya yi nauyi, ki riƙe diddigen a tafin hannunki, tafin ƙafar ya kwanta a kan damtsenki na ƙasa, ki tura a hankali. Idan ƙafar ta wuce daidai yadda take kasancewa lokacin da mutum ya tsaya a ƙasa, to ɗaurewa ce ta fi yawa. Idan ta tsaya cak kafin nan kamar an sa mata waigi, ƙagewa ta fara shiga. Ki gwada da gwiwa a miƙe, ki sake gwadawa da gwiwa a lanƙwashe, domin babbar tsokar sharaɓa ta tsallaka bayan gwiwa, ta ƙarƙashinta kuwa ba ta tsallaka ba, kuma bambancin da za ki gani yana nuna wacce ce ta gajarce.

Saukar diddigen da kike gani bayan miƙa gaskiya ce, idonki bai yaudare ki ba, sai dai ta ɗan lokaci ce. Wani ɓangare na jan da kike yi agara ce take shanye shi, wato jijiyar bayan diddige, wadda a irin waɗannan yara sau da yawa takan fi ta sauran yara tsawo, alhali naman tsokar gajere ne kuma ƙarami. Kamar a ɗaura roba a bakin tsumma ne a ja, robar ce za ta miƙe, tsumman yana nan yadda yake.

Maganar 'yar maƙwabtanku tana da tushe, ko da yake ta gutsure ta. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar da nazarin da wasu masana na Ostareliya suka yi, inda suka tattara gwaje-gwaje 49 da suka ƙunshi mutum 2,135, manya da yara, masu larurori daban-daban. A cikin masu larurar ƙwaƙwalwa da laka, ƙarin motsin gaɓa da miƙa ta kawo bai wuce kimanin digiri 2 ba, abin da ido ba zai ma gane ba, kuma babu gwajin da ya wuce wata bakwai a cikinsu. Tun kafin nan, a 1988, wasu masu bincike a Faransa, ciki har da Tardieu, sun auna yara goma masu irin larurar Auta, suka ga cewa waɗanda tsokar sharaɓarsu take zama a miƙe aƙalla awa shida a yini ba su ƙage ba, waɗanda kuwa tasu ba ta wuce awa biyu ba ƙagewarsu ta ci gaba. Yara goma ba su da yawa, don haka ba a ɗauki wannan adadi kamar doka ba, amma ki kwatanta da naki lissafin: talatin sau biyar, ƙafa biyu, safe da dare, bai fi minti goma ba a cikin minti 1,440 na yini guda.

Saboda haka babu sakaci a wajenki, kuma ƙara ƙarfi ba zai canza lissafin ba. Ni dai ban taɓa ce wa uwa ta daina miƙa gaba ɗaya ba, domin tana rage wa yara da yawa ciwon ɗaurewar dare, tana sauƙaƙa sa takalmi, kuma hannun uwa ne yake fara jin canji kafin ma'auninmu ya nuna shi. Abin da nake cewa shi ne kada a ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Tela, Alabar

Ƙanwata, Allah ya ba ki lada. Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma da izininta ina da ja a wuri ɗaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yata shekararta 11, shawara ce ta kama ta a makon haihuwa muka yi jinkirin kai ta asibiti, kuma har yau ba ta tafiya, zama ma sai an tokare ta. Lokacin da mahaifiyarta ta haifi ƙaninta ta tafi wankan jego gidansu, aka yi kusan wata biyu ba wanda ya miƙa mata ƙafa yadda aka saba, domin ni ina shago tun safe, ƙanwata da ta zauna da ita kuma tsoron taɓa ta take yi. Da uwar ta dawo, buɗa cinyoyin yarinyar don a yi mata tsarki ya zama aikin mutum biyu. Idan masana sun ce digiri biyu ne, ban musa musu ba, amma a gidana na ga abin da fashi ya jawo.

Tun daga lokacin na mayar da abin sana'a. Ranar farko ta kowane wata nakan kwantar da ita rigingine, in lanƙwasa gwiwoyin, in buɗa su a hankali har inda suka tsaya da kansu, in sa tef ɗina na awo tsakanin gwiwa da gwiwa, in rubuta a bayan littafin da nake rubuta awon masu ɗinki. Ba ma'aunin asibiti ba ne, amma shi ne ya nuna mini a wata shekara cewa inci yana raguwa wata uku a jere duk da ba mu yi fashi ba, kuma da na lura na ga gwiwar hagu ta fi ta dama gajarta idan an jera su. Da aka ɗauki hoton ƙashi sai aka tarar kan ƙashin cinyar ya fara zamewa daga gurbinsa a ƙugu, har ta kai ga tiyata. Shekaru muna fama da tafin ƙafa, ashe ɓarnar tana can sama. Don haka shawarata gare ki, tunda kin ce gwiwoyinsa suna gugar juna, ki nemi a ɗauki hoton ƙugunsa ko da ba ya kukan ciwo.

Batun kayan aiki kuma, ki shirya aljihunki. Katin inshorar lafiya yana ɗaukar ganin ma'aikatan fisiyo, amma ba ya ɗaukar takalmin roba mai riƙe idon sawu da sauran kayan tallafin gaɓoɓi, ga shi yaro yana girma, abin da aka auna masa bana baɗi ya matse shi. Cibiyar da ke Nsawam, wadda 'yan mishan suka kafa tun 1961, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan kaya, kuma a nan Kumasi akwai sashen fisiyo a asibitin Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Ji. Ki kuma je ofishin jin daɗin jama'a na Asokore Mampong ki yi wa yaron rajista, domin akwai kason da aka ware wa masu buƙata ta musamman a kuɗin da gwamnati ke ba majalisun ƙananan hukumomi. Na taɓa karɓo takalmi a wani wuri da ba zan ambata ba, aka miƙo mini a leda ba tare da an gwada mata ba, cikin kwana huɗu ya ci mata idon sawu ya zama gyambon da muka yi wata guda muna wankewa. Duk wanda zai ba ki takalmi, ya sa wa yaron a gabanki, kuma idan kin cire kika ga jan tabo bai ɓace ba bayan kamar minti ashirin, ki mayar a gyara. Abin tsayuwar da 'yata take amfani da shi yanzu da kwali da tsofaffin takardu da kunun fulawa aka yi shi, an manna su rufi a kan rufi har ya yi ƙarfi kamar katako, kuma a cikinsa take tsayuwa a ƙofar shago tana kallon masu wucewa.

Uwar Auta, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Malama, na gode Yaya Tela, Allah ya ba 'yarka sauƙi. Daren jiya na yi gwajin bayan barcinsa ya yi nisa. Ƙafar dama ta wuce daidai ko da gwiwa a miƙe, ta hagu kuwa da gwiwa a lanƙwashe ta kai daidai, amma da na miƙe gwiwar sai ta tsaya kafin ta kai, kuma na ji ta tsaya da ƙarfi. Na kuma gane cewa duk shekarun nan ta wajen yatsu nake turawa, ban taɓa riƙe diddigen ba. Na karanta wa surukata amsoshinku, ta yi shiru, daga baya ta ce to a yi masa aikin jijiya kawai a huta, kamar yadda aka yi wa jikan wata ƙawarta. Mene ne ra'ayinku a kan wannan, kuma me zan yi da ƙafar hagun?

Ma'aikaciyar Fisiyo, Tafo

Baba Tela, ban ga saɓani tsakanina da kai ba, kuma littafin awonka ya burge ni. Yarinyar da ba ta iya motsa ƙafarta da kanta, duk motsin da gaɓoɓinta za su samu daga hannun wani yake zuwa, kuma ina kyautata zaton a wata biyun nan har tsayuwa da juya ta da sauya mata zama duk sun ragu tare da miƙar. Maganarka ta ƙugu kuwa ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa a nan. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na yara masu wannan larura ƙugunsu yakan fara zamewa, kuma haɗarin yana bin matakin larurar: a wani ma'aunin tsananin larurar mai mataki biyar da aka fitar a 1997, yaran mataki na farko, masu tafiya ba tare da tallafi ba, kusan ba ya samunsu, na mataki na biyar kuwa yakan kai kusan tara cikin goma. A kudancin Suwidin an fara bin yaran da awo da hoton ƙugu a kai a kai tun 1994, sai gocewar ƙugu gaba ɗaya ta sauko daga kashi 8 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1. Miƙa ba ta hana ƙugu zamewa, hoto ne yake kama shi da wuri.

Yaya, abin da kika ji a ƙafar hagu alama ce ta cewa babbar tsokar sharaɓa ta fara gajarcewa, kuma kin kama ta a lokacin da ake iya yin wani abu. Daga yau ki riƙa kama diddigen, domin turawa ta wajen yatsu tsakiyar tafin ƙafa take lanƙwasawa, sai a ga kamar ƙafar ta sauka alhali agara ba ta motsa ba, kuma a daɗe ana haka tafin yakan baje. Ga ƙagewar da ta fara irin wannan, abin da ya fi nuna sakamako shi ne filasta mai tauri, irin wadda ake sa wa karaya, bi da bi: a naɗa ta daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu a inda ƙafar ta tsaya ba tare da ciwo ba, yaro ya ci gaba da takawa a kanta, bayan mako guda ko biyu a cire a ƙara ɗaga ƙafar kaɗan a sake naɗawa, har tsawon mako uku zuwa shida. Ribar ita ma takan ragu yayin da yaro yake ƙara tsawo, shi ya sa ake bin ta da takalmin roba da atisaye, wani lokaci kuma a maimaita. Idan an sa, ki riƙa duba yatsun safe da yamma, kuma idan suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko ya dage da kukan wuri ɗaya, ki koma a ranar, kada ki jira ranar da aka ba ki. Akwai kuma allurar botulinum da ke sassauta tsoka na wata uku zuwa huɗu, sai dai tana da tsada, kuma ɗaurewa take ragewa, ba ta ƙara wa gajeriyar tsoka tsawo.

Game da shawarar Hajiya, aikin jijiya yana da lokacinsa, kuma likitocin ƙashi sukan fi son a jinkirta shi har tafiyar yaro ta zauna, sau da yawa bayan shekara shida ko bakwai, domin wanda aka yi wa da wuri yakan sake ƙagewa idan ya girma. Haɗarin da ya fi wannan ga yaro mai larurar ƙafa biyu shi ne a tsawaita agara fiye da kima, tsokar sharaɓa ta rasa ƙarfin riƙe shi, ya dawo tafiya a durƙushe gwiwoyi a lanƙwashe, kuma gyaran wannan ya fi na ɗage wuya nesa ba kusa ba. Wani yaron ma ɗagensa daga taurin bayan cinya da ƙugu yake tasowa, don haka sai an duba ƙafar tun daga sama kafin a taɓa jijiya.

A gida kuwa, ki rage wa miƙar lokaci ki ba aikin da shi zai yi da kansa, domin tsoka da aiki take girma. Ki sa shi ya riƙa tashi daga kujera 'yar tsuguno yana komawa, tafukansa duka a ƙasa, ya tsuguna ya ɗebo miki kofuna daga kwano ya miƙe ya ɗora a benci, ya tura kujerar roba da aka ɗora wa galan ɗin ruwa daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure, ya hau ɗan tudu, ya gwada tafiya da baya yana riƙe da hannunki. Idan kina zuba koko da safe, ya tsaya kusa da ke ya jingina da tebur yana karɓar kuɗi, da takalminsa a ƙafa. Ki hana shi zaman nan da yara irinsa suke so, na durƙusawa a baje ƙafafu baya ɗuwawu a ƙasa tsakaninsu, ki saba masa da tanƙwashe ƙafa ko zama a ƙaramin benci.

Ranar da za ki koma asibiti, ki roƙi a auna idon sawunsa da ma'aunin kusurwa, gwiwa a miƙe da gwiwa a lanƙwashe, a auna bayan cinya da buɗewar ƙugu, a rubuta miki lambobin da kwanan wata a katinsa domin a kwatanta bayan wata shida. Ki tambayi matakinsa a cikin biyar ɗin nan, ki nemi hoton ƙugu, kuma ki tafi da silifan nan a jakarki, mai duba shi zai so ya ga inda suka cinye.